Me Ya Raba PRP Gida Biyu, Santsi da Taɓo?

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya raba Malam Aminu Kano da gwamnonin jam'iyyarsa. Tushen rikicin shi ne: da wa za a yi tafiya bayan zaɓen 1979?

PRP, jam'iyyar Malam, ta ci kujerar gwamnan Kano da Abubakar Rimi, ta ci Kaduna da Balarabe Musa. Sai gwamnonin biyu suka riƙa halartar taron gwamnonin jam'iyyun UPN da GNPP masu adawa da gwamnatin Shagari. Uwar jam'iyya ta hana su, suka yi kunnen uwar shegu, aka kore su a 1980. Suka ja nasu ɓangaren ƙarƙashin tsohon jagoran 'yan ƙwadago Michael Imoudu, su ne Santsi, masu zargin shugabanni da sassauta wa NPN, jam'iyyar Shagari. Na Malam su ne Taɓo, kuma su hukumar zaɓe ta FEDECO ta amince da su.

A ganina har da batun wa ke da iko, mai gwamnati ko mai jam'iyya. Daga baya Majalisar Kaduna, da NPN ta mamaye, ta tsige Balarabe a 1981. Rimi ya koma jam'iyyar NPP a 1983, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi a zaɓen gwamna.