Amsa ga mai tambaya kan hoton talabijin ɗin plasma

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ƙanena, na saurari muryar da ka turo, cewa wani zai ba ka tsohuwar plasma mai inci 50, kana tambaya ko hotonta ya fi na LED ɗin da ke ɗakinka. Bari in amsa maka da baki, in na ce zan rubuta zai yi tsawo.

Da farko dai ka tabbatar plasma ce ta gaske. Yanzu duk talabijin mai faɗi siririya plasma muke ce mata, alhali yawancinsu LCD ne ko LED. Ta gasken nauyi gare ta, gabanta gilashi ne mai kauri, kuma in ta yi awa guda a kunne ka ɗora hannu a samanta, za ka ji ɗumi yana tasowa.

To in ita ce, wallahi hotonta abin so ne, ni har yau ina yaba shi. Ka ga, cikin gilashin nan akwai ƴan mitsi-mitsin ɗakuna, miliyoyi, kowanne cike da iskar gas, neon da xenon. In lantarki ya ratsa su sai gas ɗin ya fitar da wani haske da ido ba ya gani, hasken ya daki sinadarin fosfo mai ba da ja, kore ko shuɗi, shi kuma ya haska. Wato kowane ɗigo na hoton da kansa yake kunna fitilarsa. Ita kuwa LED fitila ce a baya tana ci, allon gaba yana ƙoƙarin tare hasken, kuma ba ya iya tare shi duka. Shi ya sa baƙinta yake fitowa toka-toka.

Ka gwada da dare. Kashe fitilar ɗaki, ka sa fim inda mutum yake sanye da baƙar riga a wuri mai duhu. A plasma mai kyau za ka ga rigar daban, duhun bayansa daban, har ninkin hannun rigar sai ka gani. Fatar mutum ma tana fitowa yadda take, ba ta yin wannan ƙyallin kamar an shafa mata mai. Sannan ka tashi ka koma can gefe, kusa da bango, launin yana nan bai koɗe ba. In ƙwallo ake yi, a buga dogon fasin, ƙwallon na tafiya a fili ba ta jan jela a baya. Kamfanin Pioneer ya fitar da wata a 2007 mai suna Kuro, da Jafananci ma'anarsa baƙi, saboda da baƙin nata suke alfahari, kuma masu son hoto sun daɗe suna auna sauran talabijin da ita.

Amma fa sai ɗakin ya dace da ita. In taga na fuskantarta da rana, gilashin zai koma madubi, ka riƙa ganin kanka da labule a ciki, ga shi haskenta bai kai na LED ba. In farin hoto ya cika allon ma da kanta take rage haske. Tana shan wuta fiye da LED mai girmanta, kuma babu 4K (hoto mai ɗigo masu yawa sosai) ko HDR (fasahar ƙara bambancin haske da duhu) a irin waɗanda aka sayar wa gidaje. Wasu masu sauƙin ma yawan ɗigon hotonsu bai kai 1080p ba, wato cikakken HD, ɗigo 1024 a kwance da 768 a tsaye ne kawai, to ka duba wannan.

Babban abin da nake so ka kiyaye shi ne tabon allo. Fosfon nan yana tsufa, kuma inda ya fi aiki nan ya fi saurin gajiya. In mai ita ya shekara yana kallon tasha ɗaya, tambarin tashar a kusurwa ko layin labarai na ƙasa sai ya zauna kamar inuwa. Wani yana gogewa bayan an kalli wasu abubuwan na ɗan lokaci, wani kuwa ya zauna ke nan. Kafin ka karɓa, ka zuba hoto fari fat da wani mai ruwan toka a filash, ka buɗe su su cika allon, ka matso kusa ka bi kusurwa huɗun da ido. Ka kuma kashe sauti ka kasa kunne, ɗan zuuu kaɗan ba komai ba ne, amma in kana jinsa daga kujera akwai magana.

Ka tuna kuma Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera ta tsakanin ƙarshen 2013 da ƙarshen 2014, don haka kowacce ka gani ta haura shekara goma, in gilashin ya fashe samun wani sai an sha wuya. Wajen ɗauko ta a tsaye za ku riƙe ta, ku biyu, kada a kwantar da ita a mota.

Ka ɗauko mini hoton takardar da ke manne a bayanta, mai lambar samfuri, ka turo nan in duba maka.