Dalilin da ya sa makaro ɗin Excel ke tsayawa a kan layi mai launin rawaya

Malam, ka ce duk lokacin da ka kunna makaro ɗin da ke lissafa albashin ma'aikata, wato ɗan shirin da ke yin aikin da kansa a cikin Excel, sai aikin ya tsaya, tagar VBA (inda ake rubuta umarnin makaro) ta buɗe, wani layi ya koma rawaya. Fayil ɗinka bai lalace ba. Abin da ya tsayar da shi alamar dakatawa ce, wadda mai rubuta shiri ke sawa domin ya duba ƙimar da kowane gurbi (wurin da shiri ke ajiye lamba ko rubutu) ke riƙe da ita kafin aiki ya wuce gaba.

Ka danna Alt da F11, ka dubi gefen hagu na rubutun. Idan ka ga jan ɗigo mai duhu, ka danna cikin rubutun layin da ɗigon yake, sannan ka danna F9, zai ɓace. Domin share su duka a lokaci ɗaya, ka haɗa Ctrl, Shift da F9.

Sai dai irin waɗannan alamomi ba sa wanzuwa bayan an rufe fayil, saboda haka idan matsalar tana dawowa kowace safiya, ka nemi kalmar Stop ko Debug.Assert a cikin rubutun, domin su ana adana su tare da shirin. Ina ba ka shawarar ka sa alamar ' a farkon layin, wadda ke sa shirin ya tsallake shi, maimakon ka goge shi, tunda wanda ya rubuta shi yana iya buƙatarsa, kuma ka fara gwadawa a kan kwafin fayil ɗin kafin ka taɓa na ofis.