Tambaya da Amsa: Madacin ƙofar gida zai yi jita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Iskar farkon damina ta kayar da madacin da mahaifinmu ya dasa a ƙofar gida tun muna yara. Ni kafinta ne, ina kuma ɗan taɓa jita. So nake in ƙera guda da itacen, ta zauna a gida don tunawa da shi. Zai yi? Ta ina zan fara?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Madaci zai yi, har ma ka yi dace, domin danginsa ne jan katakon da masana'antun waje ke yin bayan jita da wuyanta da shi. Sai dai namu na Arewa ya fi na kurmi nauyi, kuma jijiyarsa a sarƙe take, tana tsagewa wajen goga in kaifin ƙarfe bai kai ba.

Aikin farko a wurin mai injin yanka yake. Kada ka bari ya yi maka yankan katakon ƙofa. A raba gungumen huɗu tukuna, kamar yadda ake yanka kankana, sannan a fitar da falle-falle daga tsakiya zuwa ɓawo, yadda in ka dubi bakin katakon za ka ga layukan a tsaye. Irin wannan yanka ba ya lanƙwashewa sosai, raguwarsa ma ba ta kai ta ɗayan ba. Jan ciki kaɗai za ka ɗauka, farin gefe abincin ƙwaro ne. Baya da fuska kowanne falle biyu ne maƙwabtan juna, santimita 55 da 20. Gefe falle biyu, 80 da 12. Duk a kaurin milimita 6. Wuya kuwa santimita 65 da 8, kauri santimita 3. Ka yanka ninki biyu na komai, wani zai fashe.

Ka shafe bakunansu da narkakken kyandir ko fenti, ka jera su a inuwa, da 'yan sanduna a tsakani, da dutse a sama. Rana ba ta busar da katako, tsaga shi take. Siraran za su bushe cikin 'yan watanni, amma wuya sai ya shekara ko fiye. Ka riƙa ɗora shi a sikeli duk wata. In nauyin ya tsaya cak wata biyu a jere, ya bushe.

Muna ba ka shawarar jita mai tsirkiyar roba. Janta wajen kilo 40 ne, na waya kuwa yakan kai 70, sai an sa sandar ƙarfe cikin wuya. Ka goge fuska da baya zuwa milimita 2.5, gefe zuwa 2. Don lanƙwasa gefen, ka dumama bututun ƙarfe har ɗigon ruwa ya riƙa rawa a kansa, ka yayyafa wa katakon ruwa, ka danna a hankali kana motsa shi. In ka ji ƙas, garajenka ne ya yi yawa. Ƙarƙashin fuska ana manna sirarun sanduna bakwai a baje kamar mafici. Farin katako mara nauyi na akwatunan kayan waje ya fi dacewa. Rimi ya yi laushi, kada ka sa shi. Fuskar madaci ba za ta yi ƙara kamar ta kanti ba, amma muryarta da taushi take, tana daɗa buɗewa da shekaru.

Allon yatsu da jaki, wato ɗan katakon da ake ɗaure tsirkiya a kan fuska, suna son itace mai tauri: ƙirya ko kanya. Madobiya ma na yi, amma an sare ta har ta shiga jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya tun 2017, sai dai in tsohon guntu ka samu. Inda tsirkiya ke hawa, a sa ƙashin raƙumi ko na sa da aka dafa aka cire maiƙonsa.

Lissafin ƙarafan da ake kafawa a gicciye a allon yatsu ba ya yafiya. Tsawon tsirkiya milimita 650 ne. Raba shi da 17.817, ka sami 36.5, nan ne ƙarfen farko in ka auna daga farkon allo. Cire shi, ka sake raba saura, haka har ƙarshe. Na 12 dole ya faɗo a 325 daidai. Ƙashin jaki kuma ka ja shi baya da milimita 2, in ba haka ba sautin sama zai riƙa ɗagawa.

Sunan Baba da shekarunsa, ka rubuta a takarda ka manna a ciki, inda ake hangowa ta ramin fuska, ko ka zana a kan wuya. Kada ka sassaƙa a fuska, nan ne sauti ke fita.

Tambaya: Jitar da aka haɗa mini da damina ta tsage a bayan jaki da sanyin bana. Laifin gam ne?
Mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Ba gam ba ne, Malam, lokacin haɗin ne. A watan Agusta katako na shan laima ya kumbura. Da hunturu ya busa, laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, fuska ta nemi raguwa, sandunan ciki su riƙe ta, sai ta tsage. Shi ya sa a ƙasarmu ya fi kyau a haɗa gangar jita bayan ruwa ya ɗauke, wajen Nuwamba. Wadda aka haɗa a bushe, da damina ɗan kumbura kawai take yi.

Ka sassauta tsirkiyoyin, ka sa ta cikin jakarta tare da soso mai danshi a cikin leda mai huji, kwana biyar zuwa bakwai, bakin tsagar zai haɗu. Sai ka cusa farin gam na kafinta da yatsa, ka share saura da jiƙaƙƙen tsumma, ka manna 'yan gutsattsarin katako biyu ko uku ta ciki, jijiyarsu a gicciye da tsagar. A bar ta kwana biyu kafin a ɗaure tsirkiya.