Losartan mai tsada ko mai araha: wanne zan saya wa Baba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Likita ya sauya wa mahaifina maganin hawan jini daga lisinopril zuwa losartan 50mg saboda busasshen tarin da ke hana shi barci. A kemis an nuna mini iri biyu, kuɗin ɗaya ya fi na ɗayan nesa ba kusa ba. Mai arahar zai yi aiki kuwa? Daga wata 'yar'uwa a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya.

Zai yi aiki, muddin na gaskiya ne. Kamfanin Merck ne ya fara fito da losartan da sunan Cozaar, aka amince da shi a Amurka a 1995, yanzu kuwa kamfanoni da yawa suna yin sa. Sinadarin ɗaya ne: yana tare wa angiotensin II hanya, wato abin da ke matse jijiyoyin jini, sai su saki, jinin ya sauka. Ki duba kwalin ki ga an rubuta losartan potassium 50mg, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewa. Ki saya a kemis mai rajista, ba wajen masu talla a tasha ko bakin kasuwar Taminus ba, inda magani ke wuni a rana.

Ni dai na fi son ki ɗauki wanda aljihunki zai iya kowane wata. Mai tsadar da za a sha mako biyu a ajiye har albashi ya shigo, cutarwa ce ga tsoho. Ki kula kuma, akwai losartan da aka haɗa da hydrochlorothiazide, wani maganin hawan jini mai sa fitsari. Kada ki karɓa sai in shi likita ya rubuta.

Baba ya guji ibuprofen da diclofenac don ciwon gwiwa, haɗuwarsu da losartan na wahalar da ƙoda. A rage gishiri, dunƙule da kanwa a miya. A riƙa gwajin ƙoda da na potassium yadda likita ya tsara.

Tambaya: Ina shan valsartan, sai ga shi na samu juna biyu. In ci gaba? Daga Bukuru.

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Valsartan da losartan da telmisartan dangi ɗaya ne, kuma suna iya illata ƙodar jariri a ciki. Ki je asibiti yau ɗin nan da kwalin a hannunki, a sauya miki da irin su methyldopa ko nifedipine. Allah ya raba lafiya.