Kada ki tura kuɗin nan sai kin ga lambar tikiti

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun da na karanta tambayarki na kasa wucewa. Kin ce ke da maigida da yara uku kuna son fita hutu ƙasar waje a watan Agusta, kun rasa na zaɓa tsakanin Dubai, Santanbul da Paris, kuma wani ejen ya ce ku tura masa kuɗin duka cikin makon nan, shi zai nemi biza, ya yanki tikiti, ya kama otal. Zan zo kan maganar ƙasa, amma don girman Allah ki fara dakatawa da tura kuɗin nan. Ban ce mutumin macuci ba ne, ban san shi ba, kuma akwai masu amana a harkar. Sai dai ni ma irin wannan alkawarin aka yi min, har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Santanbul muka je, ni da yarana da mahaifiyata mai fama da ciwon gwiwa. Ejen ɗin ba baƙo ba ne, ta hannun dangi muka san shi, Hajiya ma "ɗana" take ce masa. Ya kawo mana takardu a jere cikin fayil, ta otal har da tambari da hoton ɗaki. Cikin dare muka sauka, tasi ta ajiye mu a ƙofar otal ɗin ta tafi. Saurayin da ke kan kanta ya karɓi takardar, ya danna kwamfuta, ya sake dannawa, ya nemi fasfona ya bi sunana harafi bayan harafi. Can sai ya juyo da fuskar kwamfutar wajena, ya ɗora bakin biro a kan wani layi. An kama ɗakunan da gaske, amma ba a taɓa biyan komai ba, kuma an soke kamun jim kaɗan bayan fitowar bizarmu. Otal ɗin kuwa a cike yake maƙil.

Ashe dabarar ke nan. Shafukan kama otal da yawa suna barin mutum ya kama ɗaki bai biya ba, ya kuma fasa kyauta kafin ranar da suka yanka. Shi sai ya kama, ya buga takardar, ya nemi biza da ita, ya fasa, kuɗin otal ya zauna a aljihunsa.

Na kira shi, wayar ta shiga, bai ɗauka ba. Na sake kira, a kashe. Na rubuta masa a WhatsApp, ina kallo alamar ta nuna ya karanta, ya yi shiru. Hajiya na zaune kan akwati a falon otal ɗin, ƙaramin ya yi barci a cinyarta da takalmi a ƙafarsa, babbar 'yata kuma ta kafe ni da ido tana son ta gane daga fuskata ko a waje za mu kwana. Haka muka fito muna jan akwatuna a titunan unguwar Sultanahmet masu shimfiɗar duwatsu, muna shiga wannan otal muna fita wancan. Wanda muka samu daga ƙarshe ƙarami ne, babu lifta, ɗakin kuma a hawa na uku. Hajiya ta kama ƙarfen bene, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta tsaya ta numfasa, ta jawo ɗayar. Ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, sai ma ce min take in share hawayena kada yara su tsorata. Wannan hawan benen ne na kasa yafe masa. Kuɗi ana nema a samu. Amma baiwar Allah nan da na ɗauko don ta huta, da kumburarriyar gwiwa ta gama hutun, yawancin wuraren da muka je dominsu ba ta gan su ba.

Kuma bai tsaya nan ba. Da na zauna na bi sauran takardun, sai na ga tikitin dawowarmu daga wani filin jirgi ne daban. Filayen jirgi biyu ne a Santanbul, babban yana ɓangaren Turai, Sabiha Gokcen kuma can a ɓangaren Asiya, tsakaninsu tafiya ce mai nisa ga cunkoso. Tikitin ma irin mafi arahan nan ne da ba a sa akwati a ciki, sai da muka biya kuɗin kaya daga ɗan guzurin da ya rage. Da muka dawo ya ce wai yaron ofishinsa ne ya yi kuskure. Ya turo manya su ba ni haƙuri, aka ce in dubi zumunci. Kuɗin kuwa tsakure-tsakure yake turowa har na gaji da tambaya, sannan yana bi yana gaya wa mutane wai ni ce mai gajen haƙuri. Ni! Yana nan har gobe yana tallan tafiye-tafiyensa. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, ki yi min uzuri in kin ga na tsananta.

Ga abin da za ki nema a hannunsa. Tikitin jirgi da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, ban da ƙaramar lambar kama kujera mai haruffa da lambobi 6. Ƙaramar ita kaɗai ba hujja ba ce, domin ko riƙe kujera aka yi na ɗan lokaci ba a biya ba, tana fitowa. Ki shiga shafin kamfanin jirgin da kanki, ki sa ƙaramar lambar da sunanki na ƙarshe, ki ga sunan kowa da lambar tikitinsa da kilo nawa aka ba shi. Ki tambaye shi ko zuwa da dawowa duk a tikiti ɗaya suke. In akwai sauyin jirgi a hanya kuma tikiti biyu ne daban, na farko ya yi latti kuka rasa na biyu, asararku ce, kuma wataƙila sai kun shiga ƙasar kun ɗauki akwatunanku, shiga kuwa na iya buƙatar biza. Otal ki rubuta musu da kanki ta adireshin da ke shafinsu, ki tambaya ƙarara: an biya ko ba a biya ba? Kuɗin ma ki rarraba, na biza daban da rasit, in ta fito a yanki tikiti. Gaskiya ne tikitin Agusta yana ƙara tsada in an jinkirta, amma ƙarin da za ki yi bai kai rasa kuɗin mutum biyar ba.

To maganar ƙasa. Dubai a Agusta, ni dai ba zan kai yara ba. Zafi yana haura digiri 40, ga danshin teku da ke sa numfashi ya yi nauyi, daga otal sai mota sai cikin kantuna masu sanyi. Wuraren da yara ke gani a hoto suna rigima a kai su, irin su Global Village da Miracle Garden, a rufe suke a watannin zafi. Shi ya sa otal ke araha a lokacin, shi ya sa kuma masu talla ke tura mutane can. Ki ajiye Dubai sai tsakanin Nuwamba da Maris.

Paris kuma, na san Disneyland ce a ran yaran, amma ki fara duba fasfon da ke hannunku. In bizar Shengen za ku nema, wato bizar bai ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai har da Faransa, ana karɓar takardu tun saura wata 6 tafiya, yanke hukunci yakan ɗauki kwana 15, yana kuma iya kaiwa 45, duk wannan bayan kun samu ranar ganawa, wadda ita ce abin wahala gab da lokacin hutu. Sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 ga kowannenku, in kuma aka hana, kuɗin biza ba ya dawowa. Kada ki bari wani ya ce zai "gyara" muku takardar banki ko ya nema muku ta wata ƙasar da ya ce ta fi sauƙi. Doka ita ce a nema a ƙasar da za a fi daɗewa, kuma sunanku ne zai ɓaci a kwamfutarsu, shi ejen yana gida. Wata ƙawata an hana ta kan takardar otal irin wadda aka ba ni, da suka duba suka tarar an fasa kamun. Birtaniya ba ta cikin Shengen, in wani ya ce miki ku leƙa Landan daga can, wannan biza ce daban.

Duk da abin da ya same ni, Santanbul zan ce miki, domin garin bai yi min komai ba. A Agusta zafinta yana kusan digiri 30, ga jama'a, amma ana iya fita da safe da yamma. Aya Sofiya, wadda aka gama ginawa a shekarar 537 aka kuma mayar da ita masallaci a 2020, tana fuskantar Masallacin Sultan Ahmet, Fadar Topkapi na bayanta, duk da ƙafa za ku zaga. Ki dai riƙe cewa Topkapi ba ta buɗewa ranar Talata, babbar kasuwar nan mai rufi kuma ranar Lahadi. Abin da yarana suka fi so ma ba mai tsada ba ne, jirgin ruwan haya ne da ke tashi daga Eminonu ya tsallaka mashigin tekun Bosforus zuwa Uskudar, tsuntsayen teku na bin sa a baya. Shi kaɗai ne Hajiya ta iya shiga ba tare da wahala ba, ta zauna gefen taga ta ce mu koma mu sake tsallakawa. Garin tudu ne da gangare, in da mai keken jarirai a cikinku ki kama otal kusa da layin jirgin ƙasan cikin gari, kuma ki tabbatar akwai lifta. Bizar Turkiyya ta danganta da fasfo, wasu a intanet suke yi, wasu sai ta ofishin jakadanci, ki duba shafin gwamnatinsu da kanki.

In kuma teku kuke so, ba dole sai cikin ukun nan ba. Zanzibar a Agusta rani ne, manyan ruwanta tsakanin Maris da Mayu suke sauka. Tsibiran Malesiya irin su Redang da Perhentian ma lokacinsu ke nan, daga Nuwamba damina ke rufe yawancin otal ɗinsu. Gari ɗaya ya ishe ku, 'yar'uwa, kada a tsara muku ƙasa uku a tafiya ɗaya da yara uku, a ɗaure kaya da kwance kaya hutun zai ƙare.

Yau da daddare ki ɗauko fasfo biyar ɗin ki duba ranar ƙarewar kowanne, musamman na yara, don nasu ya fi saurin ƙarewa a ƙasashe da yawa. Dubai da Malesiya suna son ya rage aƙalla wata 6, Shengen wata 3 bayan ranar fitowa. Maganin duk mai shan magani a jakar hannu yake tafiya, kada ya shiga akwatin da za a auna. Ki faɗa min shekarun yaran da ko ƙaramin yana doguwar tafiya da ƙafarsa, sai in gaya miki unguwar da ta fi dacewa ku sauka.