Gizo da Zaki: Ƙarfi Ko Dabara?

Tambaya: Malam, me ya sa Gizo, duk rauninsa, yake cin galaba a kan Zaki a tatsuniyoyinmu? Daga mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Ɗan'uwa, Zaki ƙarfinsa kaɗai ya dogara da shi, shi ya sa idan al'amura suka juya yakan rasa mafita, Gizo kuwa ya san cewa in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Sai dai ban yarda a yaba wa yara yaudararsa ba, domin haɗamarsa takan jefa shi cikin kunya. Dubi garinku ma: a 1926 Faransawa suka mayar da babban birnin ƙasar Nijar daga Damagaram zuwa Yamai, amma fadar Sarkin Damagaram tana nan, jama'a suna zuwa gaisuwa har gobe.