Kafin ka ce su biya kuɗin ruwa, nuna musu abin da suke saya

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka kashi biyu ce. Ka ce an ɗora maka aikin wayar da kan jama'a a hukumar ruwa, amma duk unguwar da ka shiga sai a ce maka ruwa na Allah ne, don me za a biya. Ka kuma ce kana karanta littattafan kaboyi na Amurka, ka ga rigimarsu yawanci a kan rijiya da mashaya ce, ko akwai abin ɗauka a ciki. Akwai, amma bari mu fara da ta farko don ita ce mai nauyi.

Ka daina gaya wa mutane cewa ruwa yana da daraja, sun fi ka sani. Matar da ke leƙen ƙofar gida tun asuba tana jiran ɗan garuwa ba ta buƙatar fosta. Abin da ba ta sani ba shi ne aikin da ake yi tsakanin kogi da bakin famfo, kuma shi ne abin da takardar bil take caji.

Mai cewa ruwa na Allah ne bai yi ƙarya ba, kada ka ja da shi. Hadisi ya zo cewa mutane suna tarayya a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Sai dai malaman fiƙihu sun bambanta ruwan kogi da ruwan da mutum ya sha wahala ya ɗebo ya zuba a mazubinsa, suka ce na biyun ya halatta a sayar. Shi ya sa babu mai cewa ɗan garuwa haram yake ci. Rijiyar Ruma ma da mutanen Madina suka sha kyauta, Sayyidina Usman ne ya saye ta da dukiyarsa ya yi waƙafi. Wannan bayani ya fi daɗin ji daga bakin limami, saboda haka ka je wurinsa tun ranar Laraba da takarda guda ɗauke da alƙaluma, kada ka bari sai safiyar Juma'a.

Sannan ka iya bayanin matatar ruwa kamar yadda ka iya hanyar gidanku. Ana janyo ruwa daga kogi ko dam ta cikin raga mai tare kara da leda. A zuba alif, a juya da ƙarfi na ɗan lokaci, sannan a juya a hankali har ƙananan ƙwayoyin laka su manne da juna su yi gudaji. A bar shi a babban kwarmi na wasu awoyi lakar ta kwanta. Daga nan ya ratsa ta yashi da tsakuwa, kuma wannan yashin sai an wanke shi ta hanyar turo ruwa daga ƙasa duk kwana ɗaya zuwa uku, in ba haka ba ya toshe. Alif yana ƙara wa ruwa tsami, don haka ake gyara shi da farar ƙasa, kada ya ci bututu. A ƙarshe a sa kulorin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a samu aƙalla miligiram 0.5 a kowace lita bayan minti 30 da zubawa, kuma kada ya gaza 0.2 a famfon gidan da ya fi nisa. Dalilin cire laka kafin kulorin shi ne laka tana ɓoye ƙwayoyin cuta, tana kuma cinye maganin. Da damina ruwa ya fi dagulewa, alif ɗin da ake ci ya ƙaru, kuɗin tacewa ya hau a daidai lokacin da mutane ke cewa ai ga ruwa ko'ina.

Kada ka tsaya a baki. Ka ɗauki gora biyu na ruwan kogi zuwa wurin taro, ka jefa ɗan alif a ɗaya, ka girgiza, ka ajiye a gaban mai unguwa, ka ci gaba da magana. Kafin rabin awa kowa zai ga laka ta kwanta a gindi. Sai ka ce musu wannan garau ɗin bai isa sha ba tukuna. Ka fito da ƙwayar gwajin kulorin da ake kira DPD, ka jefa a ruwan famfo ya koma ruwan hoda, ka jefa a na gorar ya zauna yadda yake. Amma ka gwada famfon unguwar kafin ranar taro. In bai canza launi ba, matsalar taku ce, ku gyara ta kafin ku tara jama'a.

Wajen kuɗi, yawancin masu wayar da kai a nan suke faɗuwa, domin suna magana da kubik mita, abin da ba wanda ya taɓa gani da ido. Ka juya shi zuwa jarka. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, wato jarka 40 mai lita 25, ko jarka 50 mai lita 20. In da fiya wata ne, jaka mai leda 20 lita 10 ce, saboda haka kubik ɗaya jaka 100 ke nan. Ka tambayi mutanen wurin nawa suke sayen jarka a yau, su faɗa da bakinsu, ka ninka sau 40 a kan allo, ka rubuta farashin hukumarku na kubik ɗaya a gefe, ka yi shiru. Kada ka zo da farashin jarka daga ofis, domin ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa, kuma da bazara ba ɗaya yake da damina ba. Kada kuma ka zagi 'yan garuwa. Giɓin da kuka bari suke cikewa, kuma 'ya'yan mutanen da ke zaune a gabanka ne.

Akwai lissafin da ya kamata kowane ma'aikacin ruwa ya haddace. Kubik ɗaya nauyinsa tan ɗaya ne. Ɗaga shi tsawon mita 100, in an haɗa da asarar inji, yana cin kusan yunit 0.4 na lantarki. Matatar da ke fitar da lita miliyan 50 a rana da irin wannan tsawo tana buƙatar wajen yunit 20,000 kullum. In wuta ta ɗauke aka koma janareta, inda litar gas ke ba da yunit uku da ɗoriya, ana maganar kusan lita 6,000 a yini guda. Duk mai ƙaramin janareta a shago zai gane wannan nan take.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan, kuma a nan nake ganin hukumomi da yawa suke ɓata wa kansu. Ba a roƙon mutum ya biya abin da bai samu ba. In unguwa tana samun ruwa kwana biyu a mako, ku faɗi haka a rediyo, ku faɗi ranakun da awoyin, ku cika. In inji ya lalace, ku sanar a ranar, da sunan abin da ya lalace da ranar da kuke sa ran gyara. Bil ɗin ƙiyasi ga gidan da famfonsa ya yi wata uku a bushe yana rusa aikin shekara guda na wayar da kai. Ka kuma bayyana musu abin da ya sa ruwan farko ke zuwa da datti: idan bututu ya zama fanko, ruwan kwata yana tsotsuwa ciki ta inda ya tsage ko ta haɗin sata da aka ɗaure da roba. Injin da wasu ke jonawa kai tsaye a babban layi yana ƙara wannan tsotso, yana kuma hana na ƙarshen layi samu. Ku shawarci gidaje su bar ruwan farko ya zuba har ya washe, su yi ban ruwan shuka da shi, su sa injinsu a bayan tankin ƙasa. Lambar wayar kai rahoton fashewar bututu ta zama wadda ake ɗagawa.

To, littattafan kaboyi. Abin da ka lura da shi yana da tushe a tarihi. Yammacin Amurka ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, wurare da yawa ba sa kai milimita 500 a shekara. Dokar rabon filaye ta 1862 ta ba kowane mai nema eka 160, ma'aunin da ya dace da gabas mai damshi. A 1878 wani masanin ƙasa, John Wesley Powell, ya kai wa gwamnati rahoto cewa a yamma fili ba shi da amfani in babu ruwa, a tsara zama bisa magudanan koguna, ba a saurare shi yadda ya kamata ba. Wayar shinge mai ƙaya da Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874 ta ba mai ƙarfi damar kewaye mashaya, kuma wanda ya riƙe mashaya ya riƙe duk makiyayar da ke kewaye da ita. Dokar ruwan da ta kafu a can ita ce wanda ya riga amfani ya riga haƙƙi. Wanda ya san rikicin burtali da mashaya tsakanin manoma da makiyaya ba zai ji wannan baƙo ba.

Abin koyi a wurin marubutan shi ne ba sa yin lacca a kan muhimmancin ruwa. Suna nuna maka mutum ɗaya, da doki ɗaya, da salka da ta kusa ƙarewa, da tafiyar yini kafin rijiya ta gaba. Ka yi haka a shirin rediyonku: gida ɗaya, jarka nawa suke sha a rana, wa ke ɗebowa, ƙarfe nawa yarinyar take isa makaranta. Ka kuma ba masu aikin fuska da murya, mai gwajin ruwa da ke aikin dare, da mai buɗe bawul, da masu haƙa a rana tsaka don ɗinke bututu.

Inda za ka yi hattara shi ne ƙarshen labaran. A littafi jarumi ne yake zuwa da bindiga ya ƙwato rijiya. A zahiri kotu da rajistar haƙƙin ruwa da ma'aikacin da ke bin magudana a kan doki yana buɗe wa kowa rabonsa su ne suka kwantar da rigimar. A jihar Niyu Meziko har yau akwai magudanan gayya da ake kira asekiya, kalmar da ta samo asali daga Larabci, saƙiya, ta biyo ta Sifen. Manoma suna zaɓen shugaba mai raba ruwa, kowa kuma yana fitowa yashe magudana kafin lokacin shuka. Yawancin littattafan ba sa kuma faɗin cewa maɓuɓɓugan da ake faɗa a kansu na 'yan asalin ƙasar ne da aka kora, ka riƙe wannan a ranka kana karatu.

In kana son labari na gaskiya da ya shafi aikinka kai tsaye, nemi tarihin kwarin Owens da ke jihar Kalifoniya. A 1913 birnin Los Anjalis ya kammala magudanar janyo ruwan kwarin zuwa birnin, mai tsawon kilomita 375, a ƙarƙashin injiniya William Mulholland, bayan an sayi filaye da haƙƙin ruwan kwarin ba tare da an fito wa mazauna da manufar a fili ba. Birni ya bunƙasa, tafkin Owens ya ƙafe, a 1924 manoma suka fara fasa magudanar da nakiya. Saboda haka cikin jadawalin fitarka na wannan wata ka sa ƙauyukan da ke bakin dam da waɗanda babban bututu ya ratsa ta gonakinsu, ka fara bincika ko su kansu suna da famfo mai aiki kafin ka je.